Cinikin Intanet da Talakawan Ƙauye: Labarin Ƙasar Sin

Abin da ya fi damun mai sana'a a ƙauye shi ne mai saye. Masaƙi ya kwana bakwai a kan zane, sa'an nan ya kai kasuwa, ya tarar masu saye su ne na makon jiya, kuɗin da dillali ya faɗa kuwa shi ne kuɗi. Domin haka samari su ke barin sana'ar iyayensu su tafi ci rani, su bar tsofaffi da gonaki.

A lardin Jiyansu na ƙasar Sin akwai wani ƙauye, Dongfeng. Da can mutanensa noma su ke yi da kiwon aladu da tsintar tarkacen roba. A 2006 wani saurayi mai suna Sun Han ya komo gida daga aikin birni, ya buɗe kanti a Taobao, watau kasuwar intanet wadda kamfanin Alibaba ya kafa a 2003. Daga baya ya sa kafintoci su na yi masa tebur da kanta masu araha, waɗanda a ke aikawa gunduwa-gunduwa, mai saye ya harhaɗa da kansa. Da maƙwabta suka ga ciniki ya kama, sai kowa ya bi sawu. Masu yankan katako suka zo, masu ɗaukar hoto suka zo, kamfanonin dakon kaya suka buɗe ofis, har 'yan ci rani suka fara komowa gida.

Kamfanin ya kan kira ƙauye "ƙauyen Taobao" idan cinikinsa na shekara ya kai yuwan miliyan 10, kuma akwai kantuna 100 masu aiki, ko kuwa gida ɗaya cikin goma ya na da kanti. A 2009 uku kaɗai aka ƙidaya. A 2014 sun kai 212, a 2020 kuwa sun wuce 5,000.

Wanda ya saba da kasuwa lalle zai tambaya: ƙaƙa mutum zai ba da kuɗinsa ga wanda bai taɓa gani ba? Nan dabarar ta ke. Mai saye ba ya biyan mai kaya kai tsaye. Kuɗin ya na zama amana a hannun Alipay, sai kaya sun iso, mai saye ya duba ya yarda, kana a sakar wa mai kanti. Bayan haka kowane mai saye ya na rubuta shaidarsa a fili, har mai ha'inci ya rasa wanda zai kula shi. Aikin da dillalin kirki ya ke yi ke nan tun da, sai dai la'adar ta ragu, kasuwar kuwa ta zama ƙasa duka.

Amma kada a ɗauka wayar hannu kaɗai ta yi wannan. Yawancin ƙauyukan nan a lardunan gabas su ke, na bakin teku, inda da ma akwai hanyar mota da lantarki da mutanen da suka iya karatu. Lardunan yamma, inda talauci ya fi tsanani, kaɗan suka samu. Shi ya sa a 2014 kamfanin ya yi shelar kashe yuwan biliyan 10 don kafa wuraren hidima a ƙauyuka 100,000, Gwamnati kuma ta na ta aikin hanyoyi. Wata wahalar kuma, idan gari duka ya na yin tebur iri ɗaya, kowa sai ya karya kuɗi don ya ƙwace ciniki, riba ta tsuke.

A nan Arewa akwai majema da dukawa da marina da masu ɗinkin hula waɗanda aikinsu ba ya jin kunyar kowace kasuwa. Abin da a ke roƙon hakimai shi ne kowanne ya sa malaminsa ya rubuta sana'o'in da ke gundumarsa, da garuruwan da waya ke kamawa, da nisan kowanne daga hanyar da mota ke iya bi har da damina.