Ƙazuwa da Shimfiɗar Kwana: Jawabi Ga Ɗaliban Ƙasar Haɗejiya



Maganar da zan yi yau ta shafi ciwon da muke ɓoyewa saboda kunya, wato ƙazuwa. Idan ƙaiƙayin dare ya addabi gida, akan ɗora laifin a kan katifa da tabarma, har wani ya ƙone shimfiɗarsa. Alhali kuwa ƙwaron da ke kawo ƙazuwa ba ya wuce kwana biyu zuwa uku a raye idan ya rabu da jikin mutum. Ya bambanta da kuɗin cizo mai zama cikin tsagar gadon katako. Shi wannan ido ba ya ganinsa sosai. Tamatarsa ke huda fata ta shiga ta yi ƙwai, musamman tsakanin yatsu, da wuyan hannu, da ƙugu. Wanda ya kamu karon farko yakan yi mako huɗu zuwa shida kafin ya fara susa, yana kuwa yaɗa ta.

A ƙasarmu ta Haɗejiya, cunkoso ne ke ba ta hanya. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun tara jama'ar Auyo da Kirikasamma da Guri a makarantu, tabarma guda mutum da yawa. Haka kuma ake kwana a tsangayu da makarantun kwana. Kada a raina ta, domin gyambon susa na iya jawo ciwon ƙoda. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi.

To, mene ne abin yi? Lalle ne a yi wa duk masu kwana ɗaki guda magani rana ɗaya, har da wanda bai fara susa ba. Asibiti na ba da man shafawa irin su benzyl benzoate da permethrin. A wanke tufafi da mayafi da ruwan zafi, a shanya katifa a rana, abin da ba ya wankuwa a ƙulle shi cikin leda mako guda. Kada a kuskura a shafa fiya-fiya a jiki, guba ce.

'Yan'uwa, idan mun koma gida hutu, mu isar da wannan bayani ga iyayenmu da alarammomin unguwanninmu. Wassalamu alaikum.