JUBILI DA ABIN DA TAKE NEMA A GARE MU: JAWABIN BIKIN CIKAR IKILISIYARMU SHEKARA HAMSIN

 

Kwamitin shirye-shirye ya ba ni aikin yin magana a kan ma'anar wannan rana. Kalmar jubili ta fito ne daga Littafin Firistoci sura 25. A can Allah ya umarci Isra'ilawa su ƙirga shekara bakwai sau bakwai, wato 49, a shekara ta hamsin kuma a busa ƙaho ko'ina a ƙasar. A wannan shekara wanda talauci ya sa ya sayar da gonar gado yakan koma gonarsa, wanda ya sayar da kansa bauta yakan koma cikin danginsa, ƙasa ma takan huta daga noma. Ashe jubili lokaci ne na mai da abubuwa inda Allah ya nufa su kasance.

Bari mu tuna inda muka fito. A shekarar 1900 Bishop Tugwell da Dakta Walter Miller na ƙungiyar CMS suka isa Kano, amma Sarki Alu bai yarda su zauna ba, sai suka koma Girku. A 1905 Dakta Miller ya zauna cikin birnin Zariya, a 1929 kuma aikin ya koma Wusasa, inda majami'ar St. Bartholomew take tsaye har yau da gininta na ƙasa irin na Hausawa. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Tun daga lokacin manomi yake iya karanta Maganar Allah da harshen da yake ciniki da shi a kasuwa.

Sa'ad da iyayenmu suka fara taruwa a nan, muna cikin Jihar Kano ne, kuma bishop ɗinmu yana zaune can Kaduna. A 1980 aka kafa Dayosis ɗin Kano. A ranar 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, a 1996 kuma aka kafa Dayosis ɗin Dutse, da Bishop Yesufu Lumu a matsayin bishop na farko. Waɗanda suka taɓa jiran shekaru kafin bishop ya zo ya ɗibiya musu hannu sun san darajar wannan kusantowa.

Amma 'yan'uwa, ikilisiya ba ta rayuwa da tarihin manya kaɗai. Abin da ya riƙe mu a nan ƙasar Haɗeja shi ne ƙananan ayyukan da ba a rubutawa. Akwai mai bishara da ke karanta addu'ar safe ko da mutum biyar ne suka zo. Akwai uwar da ke share majami'a ranar Asabar ba wanda ya aike ta. Akwai Zumuntar Mata da ke ɗaukar tukunya da itace zuwa gidan haihuwa da gidan makoki, da mawaƙa da ke koyon waƙa da dare bayan sun yini a gona. A ranar godiya ta kaka mun sha ganin daman gero da dawa, da kwanon riɗi da shinkafa, sun cika gaban bagade, daga hannun mutanen da su ma ba su da yawa. Cikinmu akwai 'yan ƙasa, akwai kuma 'yan'uwa daga Kudancin Kaduna, Filato da kudancin Nijeriya da aiki ko kasuwanci ya kawo. A teburin Jibin Ubangiji kuwa, ƙoƙo ɗaya muke sha.

Mun ga wahala ma. A watan Satumba 2006 aka ƙona majami'u a Dutse, har da babbar majami'armu ta St. Peter. A daminar 2022 ambaliya ta ci gidaje da gonaki a wannan yanki, ba ta kuwa tambayi kowa addininsa ba. Maƙwabtanmu Musulmi da su muke rijiya ɗaya, kasuwa ɗaya, mota ɗaya. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, kuma aikin kowane Kirista ne ya kiyaye shi da bakinsa, da mudun awonsa, da yadda yake biyan bashi.

To, mene ne jubili take nema a gare mu? Zan ambaci abu uku.

Na farko, mu saki juna. Akwai gidaje a cikinmu da ba sa gaisawa saboda iyakar gona, ko kuɗin adashi, ko maganar aure da ta lalace tun da daɗewa, amma ranar Lahadi suna durƙuso a layi ɗaya. Kada mu ci shinkafar wannan biki da riƙo a zuciya. Wanda yake bin gwauruwa ko maraya bashin da ya san ba za su iya biya ba, ga shekarar yafewa ta zo.

Na biyu, mu mai da 'ya'yanmu gonar gadonsu, wato Maganar Allah. Samarinmu da yawa suna tafiya Kano, Abuja da Legas neman abinci, ba laifi ba ne. Abin tambaya shi ne me suka ɗauka a zuciya sa'ad da suka tafi. Yau akwai yaran da suka ƙware da wayar hannu amma ba sa iya karanta sura ɗaya da Hausa a gaban jama'a. Iyayenmu sun koyi karatu da fitilar kwai domin su karanta Littafi da kansu. Ina roƙo a farfaɗo da ajin karatu na yamma, kowane gida kuma ya koma yin addu'ar iyali kafin a kwanta.

Na uku, mu ɗauki nauyin ikilisiyarmu. Ba daidai ba ne mai bishara ya yi watanni yana jiran albashinsa, mu kuwa muna jiran taimako daga Dutse ko daga Ingila. Mu kawo zakka da baiko da aminci, ko hatsi ne ko kuɗi. Kwamiti kuma ya riƙa karanta lissafi a fili, ya adana takardun filin majami'a da rajistar baftisma da ta aure inda gara da ruwa ba za su taɓa su ba. Da haka na baya za su san inda suka tsaya.

Yawancin waɗanda suka aza harsashin nan sun riga mu zuwa wurin hutawa, kuma kaɗan ne daga cikinmu za su ga bikin shekara ɗari. Yaran da ke zaune a kan tabarma a gaba su ne za su yi wannan biki, abin da muka koya musu kuwa shi za su riƙe.

 Allah ya mai da baƙinmu gidajensu lafiya, ya ba ƙasarmu salama, ya kuma riƙe ikilisiyarsa har ranar zuwan Almasihu. Amin.