Dakashi da Sa'ar Farko: Da Wa Ya Kamata Mu Yi Magana?



An nemi in ba masu haihuwar fari shawara. Zan bayar, amma ina da ƙorafi tukuna, kuma da mu ma'aikatan lafiya nake. Shekara da shekaru muna tara masu ciki ranar awo, mu karanta musu darasi, mu aika rahoto Kano cewa an wayar da kai. Alhali kowa a nan ya san yarinyar da ta yi haihuwar fari ba ta da ta cewa a kan ɗanta. Gida ake kai ta wanka. Kunyar ɗan fari ta hana ta ko kiran sunansa, wata ma sai an matsa mata take ba shi nono a gaban mutane. Hukunci yana hannun kaka da gwaggo da ungozoma da wanzami, su kuwa ba ma gayyatarsu.

Babban abin da ke raina shi ne dakashi, nonon farko mai kauri mai launin rawaya. Na sha shiga ɗakin mai jego in tarar ana tatse shi ana zubarwa, wai ƙazanta ce, jaririn kuma yana gefe cikin zane ana ɗiga masa ruwan ɗumi da cokali, ana jiran nono ya kawo. Wani sai ya kwana biyu a haka.

A yankin Kintampo na ƙasar Gana an bi jarirai kusan 11,000 da aka haifa a 2003 da 2004, aka buga sakamakon a 2006 ƙarƙashin jagorancin Karen Edmond. Ƙauyuka ne irin namu, da yawan matan a gida suka haihu. An tarar jaririn da aka jinkirta masa nono har ya wuce kwana guda, haɗarin mutuwarsa a watan farko ya ninka fiye da sau biyu. Masu binciken suka ƙiyasta cewa da za a sa wa kowane jariri nono a ranar farko, da an kauce wa kashi 16 cikin 100 na mace-macen watan farko. Da za a sa masa cikin sa'a guda da haihuwa, kashi 22. Ku sake jin wannan: fiye da ɗaya cikin biyar. Ba allura, ba janareto, ba kuɗin mota zuwa Karaye. Ku nuna mini wani abu da muke kashe wa kuɗi a ƙananan hukumominmu da yake ceton rai haka a kyauta.

Dalilin a fili yake. Dakashi cike yake da garkuwar jikin uwa, yana shafe hanjin jariri ya tare ƙwayoyin cuta, yana kuma taimaka masa fitar da baƙin kashin farko. Masu cewa ya yi kaɗan su sani cikin jariri ranar da aka haife shi bai fi cokalin shayi ɗaya yake ɗauka a shan guda ba. Tsotson nan kuma shi ke kiran nono, shi ke sa mahaifa ta tsuke jini ya ragu. Goga masa ɗan dabino a dasashi sunna ce, ba ni da ja a kai. Amma ba malamin da ya ce a hana shi nonon uwarsa saboda ita.

Sai ruwa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 kacal na jariran Nijeriya 'yan ƙasa da wata shida ke shan nono zalla. Za a ce mini zafin bazara fa? Kusan kashi 88 na nono ruwa ne. Uwa ta sha ruwa ta ƙoshi, ta ba shi duk lokacin da ya nema, dare da rana. In ya kwana biyar yana jiƙa tsumma kamar sau shida a wuni da kwana, ya samu abin da ya ishe shi. Ruwa da dauri su jira wata shida.

Wasu abokan aikina sun ce maganin duka shi ne kowa ta haihu a asibiti. Ina fata. Amma yawancin matan karkararmu a gida suke haihuwa yau, jaririn daren nan ba zai jira mu gama gini ba.

Sauran a taƙaice. A goge jariri a kwantar da shi a ƙirjin uwa, fata da fata, a rufe kansa, wanka ya jira sa'a 24, musamman da hunturu. Cibiya ba toka, ba man goge baki, ba gashi da tsumma. A shafa maganin chlorhexidine, wanda Sakkwato ta fara rabawa tun 2013, kuma kada ya kusanci ido, yana makantarwa. Cire beli ba shi da amfanin komai, jini kuwa na ga an zubar da shi har ya kai ga rai. A kai shi rigakafin haihuwa ba sai an yi suna ba, a koma a mako na 6 da na 10 da na 14. In ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko yana numfashi da sauri, ko jijjiga, ko shawara ta bayyana a ranar farko ko ta kai tafin hannu, a tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne.

Abin da nake nema na daɗe ina nemansa. Kowace cibiyar lafiya ta ware rana guda a wata ta zauna da kakanni, cikin girmamawa. Mai unguwa ya sanar da ma'aikaciyar lafiya duk haihuwar da aka yi, ta je gidan kafin kwana uku. A damƙa wa ungozomomi maganin cibiya a hannu. Limamai, da suka fi mu sanin Alƙur'ani ya ambaci shayarwar shekara biyu, su yi maganar dakashi a huɗuba maza su ji.

Iyayenmu, 'ya'yanku ba za su ƙetare maganarku ba, ko mun yi musu lacca ɗari. Ina roƙonku don Allah, ranar da jikanku na gaba ya faɗo, ku ɗauke shi da hannunku ku sa shi a nonon uwarsa kafin a hura wutar wanka.