Krasznahorkai, Marubucin da Duniya Ta Makara Wajen Sani

Kafin Oktoban 2025, mu nawa ne muka taɓa jin sunan László Krasznahorkai? Furta shi ma aiki ne. An haife shi a garin Gyula na ƙasar Hungari a 1954, kuma littafinsa na farko, Satantango, ya fito a 1985. Jimlarsa guda kan cinye shafuka babu aya, shi ya sa mai gaggawa ke gudunsa. Darakta Béla Tarr ya mayar da Satantango fim na fiye da awa bakwai, sai mai haƙuri! Fassarar littafin zuwa Turanci kuwa sai 2012 ta fito. Bayanta Krasznahorkai ya karɓi kyautar Man Booker ta duniya a 2015, sannan Nobel ta adabi a Oktoban 2025, wadda a Hungari Imre Kertész kaɗai ya riga shi samu, a 2002.