Turancin Tashin Zuciya a Jirgin Ruwa

Shugaba, iyayenmu dattawa, 'yan uwa mazauna Lamorde, an ce in ɗan yi magana saboda yaranmu masu bin kaya ta ruwa daga Kalaba zuwa Limbe a Kamaru.

Mu nan Mubi ruwan da muka sani Yedzaram ne, sai Binuwai in an je Jimeta. Teku daban take. Jirgi na tangaɗi, can cikin kunne yana jin motsi, ido kuwa yana ganin bangon jirgi a tsaye cak. Wannan saɓani shi ke kawo jiri da tashin zuciya, har amai. Ba ciwo ne mai yaɗuwa ba. To amma mutanen Kalaba da na Limbe Turanci suke ji, da shi yaro zai yi bayani.

Kalmar da ta dace ita ce seasick. Sea teku, sick rashin lafiya. Ka ce "I am seasick", kowa ya gane jirgi ne ya juya ka. A kemis za ka ga an rubuta motion sickness ko travel sickness, wannan ya haɗa har da na mota. Likita kuma nausea zai ce, wato tashin zuciya tun ba a yi amai ba. Abin sha'awa, asalinta daga Girkanci ne, naus, ma'ana jirgin ruwa. Ashe su ma sun sha wuya.

Inda ake tuntuɓe shi ne sick ita kaɗai. Wajen Bature ɗan Ingila, "I feel sick" zuciya ce ke tashi, "I was sick" kuwa yawanci an yi amai ke nan. Ba'amurke kuma rashin lafiya kawai zai fahimta. Yaro ya sauka a tasha ya ce wa ma'aikacin lafiya "I am sick, I am vomiting", musamman lokacin kwalara, ana iya tsare shi a bincika, kaya na can a yashe. Shi ma'aikacin ai aikinsa ya yi. Amma fa in akwai gudawa ko zazzaɓi, wannan ba seasick ba ne, a faɗi gaskiya don Allah.

A zauna tsakiyar jirgi, a riƙa kallon nesa, a tauna citta. Mai shan Avomine ya sha tun kafin a tashi, ya kuma ɗaure kuɗinsa da kyau don yana sa barci.