Yaron da Aka Cuta da Ciwon Damuwa: Inda Za a Kai Kuka a Kurmi



Maganar yau magana ce wadda aka saba yi da raɗa, in ma an yi ta ke nan. Watau maganar yaron da aka cuta tun yana ƙarami, da irin ciwon da wannan cuta ke bar masa a zuciya bayan ya girma, da kuma wuraren da mutumin Arewa mazaunin Ikko ko Badun ko sauran garuruwan kurmi zai iya kai kukansa.

A shekarar 2014 Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa, da taimakon UNICEF da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta yi bincike ko'ina cikin Nijeriya a kan wahalar da yara ke sha, aka bayyana sakamakon a shekarar da ta biyo, watau 2015. Abin da aka samu shi ne, cikin kowane yara 10, guda 6 sun gamu da wani irin cin zarafi kafin su cika shekara 18. Rabinsu sun sha naushi ko shuri ko bulala ko ƙuna. Yarinya 1 cikin 4, da yaro namiji 1 cikin 10, an yi lalata da su ko an gwada. Yawancin masu aikata wannan kuwa ba baƙi ba ne, mutane ne waɗanda yaron ya sani. Abin da ya fi ban takaici, waɗanda suka sami wani taimako daga cikin yaran nan ba su kai 5 cikin 100 ba.

Wani zai ce ai horo ne, kowa ma da bulala aka tashe shi. To, amma kowane uba ya san bambancin tsawatarwa da azaba. Dukan da ya karya ƙashi, ko ɗauri da igiya, ko hana abinci kwana da kwanaki, ko zagin da ake yi wa yaro safe da yamma har ya yarda shi ba kome ba ne, wannan ya wuce horo, ko da wa ya yi shi.

Zaman baƙunci yana ƙara wa wannan masifa ƙarfi. A gida, yaron da aka matsa wa yana da gidan kaka ko na kawu inda zai ruga. A nan fa? Ga yarinyar da aka kawo riƙo ko aikatau, ga mai talla wadda ke yini a tasha har dare, ga yaron da aka ɗoro a bayan tirela aka damƙa wa wani maigida a Agege ko Mile 12 ko Sabo. Uwarsa tana can tafiyar kwana guda ko biyu, ba ya jin Yarbanci, ba ya jin Turanci, cinsa da kwanansa duk a hannun mutum ɗaya suke. Idan wannan mutumin ne ke cutarsa, wa zai faɗa wa?

Yaro yakan yi shiru, amma abin ba ya tafiya. Wasu likitoci biyu a Amurka, Vincent Felitti da Robert Anda, sun binciki manyan mutane fiye da 17,000 a kan abin da ya same su a ƙuruciya, suka fara bayyana abin da suka gano a 1998. Mutumin da ya sha iri huɗu ko fiye na wahalar ƙuruciya, kamar duka da lalata da tashin hankalin gida, ya fi wanda bai sha ba kamuwa da ciwon damuwa ninki huɗu da wani abu, ya kuma fi shi yunƙurin kashe kansa wajen ninki goma sha biyu. Wannan ba ya nufin duk wanda aka cuta sai ya lalace, domin da yawa sun tashi sun zama mutanen kirki. Abin nufi shi ne, tabon yana iya ɓuya shekara ashirin sa'an nan ya tashi, sau da yawa a lokacin aure, ko haihuwa, ko karayar arziki.

Ciwon damuwa ya bambanta da baƙin cikin yau da kullum, wanda yakan zo ya wuce. Likitoci suna kiransa ciwo idan mutum ya yi mako biyu ko fiye zuciyarsa a ƙuntace kusan kullum, abin da ke ba shi sha'awa a da ya daina, barci ya gagara ko ya yi yawa, abinci ya fita ransa, yana ganin kansa mai laifi marar amfani. Bahaushe kuwa ba safai yakan ce ransa ne ke ciwo ba. Sai ya ce kansa na zafi, ko gabansa na faɗuwa, ko wani abu na yawo a jikinsa. Daga nan sai kantin magani, yau maganin zazzaɓi, gobe na shawara, jibi kuma tiramadol ko kodin don a sami barci, har wani sabon ciwo ya hau kan na fari. A wurin ƙaramin yaro alamun sukan zama fitsarin kwance bayan ya daina, ko firgita cikin barci, ko gudun wani mutum takamaimai, ko faɗa da rashin ji wanda ba halinsa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa 'yan Nijeriya wajen miliyan 7 ne ke fama da wannan ciwo. Saboda haka ba ragwanci ba ne, ba kuma ƙarancin tawakkali ba. Mai ciwon sukari yana addu'a yana shan maganinsa, ba wanda ya zarge shi.

To, ina za a nufa?

Idan abin ya faru yanzu-yanzu, musamman lalata da yaro ko yarinya, asibiti shi ne farko, kuma cikin gaggawa. Maganin da ke kare mutum daga ƙwayar cutar ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72, watau kwana uku, in ya wuce haka ba ya aiki. Kada a yi wa yaron wanka, kada a wanke tufafinsa, domin shaida tana jikinsu. A Ikko akwai cibiyar Mirabel a cikin asibitin koyarwa na Jihar da ke Ikeja, wadda aka buɗe a 2013, inda ake duba waɗanda aka yi wa fyaɗe, a ba su magani da shawara da takardar likita, duk kyauta, mace ko namiji. Gwamnatin Jihar kuma ta kafa wani rukuni na yaƙi da fyaɗe da tashin hankalin gida a 2014, wanda ya zama cikakkiyar hukuma a 2021. Lambar gaggawa 112 kyauta ce. Yaron da aka rabo da iyayensa ana bautar da shi, maganarsa ta hukumar NAPTIP ce, mai hana fataucin mutane, wadda aka kafa a 2003. Kowace jiha kuma tana da ofishin jin daɗin jama'a mai kula da yara.

A nan ya kamata a tsaya a faɗi gaskiya, ko da ba ta da daɗi. Ƙofar Sarkin Hausawa ta kashe rigingimu da yawa, na bashi da na kasuwa da na aure, Allah Ya saka. Amma lalata da yaro ba ta cikin abubuwan da ake sasantawa a zaure. Dokar Haƙƙin Yara ta Tarayya ta 2003, wadda Jihar Ikko ta kafa irinta a 2007, ta yanke ɗaurin rai da rai ga wanda ya sadu da yaro. Abin da aka saba gani shi ne a karɓi 'yan kuɗi, a sa mai laifi a mota ya koma gida, a ce an rufa wa jama'a asiri. Asirin wa aka rufa? Mai laifin ya tafi wani gari inda akwai wasu yaran, ita kuwa yarinyar an nuna mata cewa sunan unguwa ya fi ta daraja. Wannan darasi shi ne wanda za ta ɗauka har tsufanta. Tsoron a ce Hausawa kaza ne, tsoro ne na gaske ga baƙo, amma unguwar da ta miƙa mai laifinta da hannunta ba ta zubar da mutuncinta ba.

Ga babba kuwa, wanda abin ya wuce shekaru, ciwon damuwa yana da magani. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Gwamnatin Tarayya a Yaba cikin Ikko, da Aro a Abekuta, da Uselu a Binin, da Inugu, da Kalaba. Na Yaba yana da sashen yara da matasa a Oshodi. Asibitocin koyarwa ma suna da irin wannan sashe, kamar na Badun, da na Idi-Araba wanda ke maƙwabtaka da unguwar Hausawa. Wanda ya fi son a duba shi kusa da danginsa, akwai na Kaduna da Maiduguri da Kware ta Sakkwato. Yawancin masu wannan ciwo ba a kwantar da su, ana ganinsu ne su koma gida. Maganin iri biyu ne, zama da gwani a tattauna a kai a kai, da kuma ƙwayoyi. Su ƙwayoyin nan ba na maye ba ne, kuma ba sa aiki nan take, sai an yi mako biyu zuwa huɗu kafin a fara jin sauƙi, sa'an nan a ci gaba da sha wata shida ko fiye bayan an warke. Mutane da yawa a nan suke yin kuskure, su watsar da magani a kwana biyar wai bai karɓe su ba.

Gwanayen ba su da yawa, a yi shirin bin layi da haƙuri. Amma kada gajiyar layi ta kai mutum gidan mari. A 2019 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan mutane, manya da yara, daga irin waɗannan gidaje a Kaduna da Badun, wasu da sarƙa a ƙafa, wasu da tabon bulala. Dukan wanda duka ya jawo wa ciwo ba magani ba ne. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma amince cewa mai wannan ciwo yana da haƙƙi kamar kowane majinyaci.

Akwai abin koyi a tarihin Aro. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo, wanda daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, ya fara saukar da majinyata a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, kowane ɗaya tare da ɗan'uwansa mai jinya, su zo asibiti da rana su koma cikin mutane da yamma. Ya lura cewa majinyaci ya fi samun sauƙi idan akwai nasa a kusa. Baƙo a kurmi shi ne wanda ba shi da wannan ɗan rakiyar, kuma wannan gurbi ne wanda ba likitan da zai cike. Kowace unguwa, kowace ƙungiya ta 'yan kasuwa ko direbobi ko mahauta, tana iya ware mutum biyu masu riƙon sirri, namiji da mace, masu jin Turanci ko Yarbanci, su zama 'yan rakiya kuma tafintoci. Aikinsu su saurara ba tare da tuhuma ba, kada su ce don me ba ka faɗa tun tuni ba, kada su tilasta wa yaro maimaita labarin gaban taro, kuma kada tafintan ya zama dangin wanda ake zargi. Su riƙe katin asibiti, su tuna ranar komawa.

Wanda kuma aka ji yana cewa ya gaji da duniya, ko yana sallamar mutane yana rarraba kayansa, kada a ɗauka wasa ne. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, domin tambayar ba ta sa mutum ya aikata. A kawar da fiya-fiya da sauran magungunan ƙwari daga ɗakin, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti a ranar, ko da dare ne.