Abin da Kundin Tsarin Mulki ya Hana Mai Mulki

Matanin laccar da aka gabatar a Madarumfa, gaban ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati.



Ɗan kasuwar da ya ɗauko kaya daga Jibiya ya biyo ta Ɗan Isa ya san darajar takarda. In ya biya kuɗin duwan ba ya tashi sai an ba shi shaidar biya, domin ita za ta tsaya masa a shingen gaba. Kundin tsarin mulki irin wannan takarda ne, sai dai na ƙasa baki ɗaya. A cikinsa aka rubuta abin da aka ba mai mulki, aka kuma rubuta abin da aka hana shi. Kashi na biyun ne ba a cika karanta wa talakawa ba.

Daga samun ƴancin kai zuwa 2010 Nijar ta yi kundi bakwai. Na 1960 ya zo ya tarar an haramta Sawaba ta Djibo Bakary tun 1959, majalisa kuwa ta RDA ce zalla. Na 1989 bai ɓoye ba, ya ce MNSD ce jam'iyya tilo. Sai da jinin ɗalibai ya zuba a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990, aka yi Babban Taron Ƙasa daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991, kafin a sami kundin 26 ga Disamba 1992 mai jam'iyyu da yawa. Shi ma yana da ɓaraka. Bai fayyace sarai inda ikon shugaban ƙasa ya tsaya na firaminista ya fara ba. Da Mahamane Ousmane da Hama Amadou suka shiga zaman doya da manja a 1995, naɗin manyan ma'aikata da kiran taron ministoci suka zama abin faɗa, har soja suka shigo ranar 27 ga Janairu 1996.

Darasin da ya fi dacewa a koyar shi ne na 2009. Kundin 1999, a ayarsa ta 36, ya ba shugaba shekara biyar sau biyu, aya ta 136 kuma ta hana a taɓa wannan iyaka. Shugaba Mamadou Tandja yana da magoya baya na gaske, yana da ayyukan da yake nunawa, ƴan Tazarce kuma suna cewa jama'a ce ke so. Ya rusa majalisa ranar 26 ga Mayu. Ranar 12 ga Yuni kotun tsarin mulki, ƙarƙashin Salifou Fatimata Bazèye, ta soke dokar da ta kira zaɓen raba-gardama. Alƙalan nan ba su da bindiga, ba su da jam'iyya, ayar doka kaɗai suka riƙe. An rusa kotun a ƙarshen watan, an yi zaɓen ranar 4 ga Agusta, mulkin ya faɗi ranar 18 ga Fabrairu 2010. Amma abin lura shi ne, sai da aka kawar da alƙalai kafin a iya tsallake ayar. Iyaka ba don mugun shugaba kaɗai aka yi ta ba. An fi bukatarta ranar da shugaba ke da farin jini, domin ranar ce ba mai son ce masa a'a.

Kundin 25 ga Nuwamba 2010 ya ƙunshi ayoyi biyu da suka shafi wannan zaure kai tsaye. Aya ta 15 ta ce ba a tilasta wa kowa bin umurnin da haramcinsa ya fito fili. Wato ma'aikacin da aka ce ya ƙwace kayan mutum ba bisa doka ba, yana da inda zai jingina ya ƙi. Aya ta 28 ta kare dukiya: mai gona a bakin tabkin Madarumfa ko a Jiratawa ba a karɓe masa ita sai don amfanin jama'a, sai kuma an biya shi diyya ta adalci tun kafin a karɓa, ba bayan ya gaji da zirga-zirga a ofisoshin Maraɗi ba. Lanho da patanti ma doka ce ke yanka su, ba son ran mai karɓa ba.

Wanda ke cewa takarda ba ta ƙwatar wa talaka kome ya tuna da Hadijatou Mani. Baiwa ce da aka sayar tana yarinya, ta kai ƙasar Nijar ƙara kotun CEDEAO, a 2008 kotun ta ce gwamnati ta kasa kare ta, a biya ta sefa miliyan 10.

Yau al'amari ya sauya. An dakatar da kundin 2010 bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairun 2025. A watan Maris na 2025 aka sa hannu kan sabon kundin sake gina ƙasa, aka kuma rusa jam'iyyu. Kundin ya mai da Hausa harshen ƙasa, alhali duk na baya da Faransanci aka rubuta su. To, ashe lokaci ya yi da malamin makaranta a Gabi ko Safo zai buɗe shi da Hausa gaban ɗalibai, su bi shi aya bayan aya da tambayoyin da aka yi wa na baya: wa'adin mai mulki shekara nawa ne, wa ke duba yadda ake kashe kuɗin baitulmali, kuma in an tsare mutum ko an ƙwace kayansa a hanyar Ɗan Isa, wace kotu zai nufa?